Karatun da Kawu Ya Nema a Alƙahira

Kawu, wan mahaifiyata, ya koma ga Wanda Ya yi shi, mu ma can muka nufa. A nan Alƙahira muka binne shi, nesa da Maraɗi inda aka yanke cibiyarsa. An yi zaman makoki a gidansa na Ainu Shams, 'yan ɗakunan nan da ya yi shekaru yana haya a saman bene. Jama'a sun zo, ba zan yi ƙarya ba. Ɗaliban Najeriya sun zo, 'yan kasuwarmu na Nijar sun zo, har tsohon mai gadin gidan, Bamisiren da muke kira bawwab, ya hauro yana share hawaye da gefen rawaninsa, yana cewa ustaz bai taɓa wuce shi ba gaisuwa ba. Inna, matar Kawu, tana ɗakin ciki tare da mata. In an yi mata gaisuwa sai ta ɗaga kai kawai, ta mayar.

Ni ne mai zuba shayi, don haka babu abin da ya wuce kunnena. Kowa ya buɗe baki sai ya yabi Kawu, daga nan sai ya rage murya. Wani ɗalibi ya ce, "Mutumin kirki ne wallahi, sai dai wannan 'yar lalurar tasa." Na kusa da shi ya ce, "Allah Ya sa ta zame masa kaffara." Sai wani Alhaji, ɗan kasuwa da suka daɗe tare, ya kwashe da dariya har da dukan cinya, ya ce, "Allah sarki, Malam Ruwa! Ya taɓa tsare ni a tashar bas yana yi mini bayani har motata ta tafi ta bar ni." Aka yi 'yar dariya, aka shafa fatiha. Buta tana hannuna, kuma Allah ne kaɗai Ya san yadda aka yi ban ajiye ta da ƙarfi ba.

Lalura! Ciwo suka ɗauke shi ke nan. To ni na zauna da Kawu a gida ɗaya, na bi shi rana da zafi, na san abin da ya nema. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, tun kafin sunan tsokana ya zama shi kaɗai ne abin da ya rage masa a bakin mutane.

Kawu malamin kimiyya ne a lakwal, wato makarantar boko, tun muna gida. Cikin abin da yake koyarwa akwai jazibiyya, wato ƙarfin nan da ke sa mangwaro ya faɗo ƙasa maimakon ya yi sama, wanda kuma ke riƙe wata kada ya ɓalle ya bar duniya. In ka kuskura ka kira shi maganaɗisun ƙasa a gabansa, ka ja wa kanka. Zai ce, "Maganaɗisu ƙarfe yake ja. Kai ƙarfe ne? To mirgino daga gado ka gani ko za a ƙyale ka." Wata damina gulbin Maraɗi ya kawo, Kawu ya tsaya a baki yana kallon yadda ruwa ke juyi a wani kwari yana janye ƙwaryar da ta suɓuce wa wata mata. Da ya koma gida sai ya ajiye lissafin gudun ruwa kusa da lissafin jazibiyya, ya ga sun yi kama kamar wa da ƙane. Daga ranar hankalinsa bai sake kwanciya ba.

A nan mutane suka ɓata masa suna. Kawu bai taɓa cewa jazibiyya ruwa ce ba, ko sau ɗaya. Tambaya yake yi: kamannin nan da ya gani, na gaske ne, masana sun duba shi, ko idonsa ne ya yaudare shi? Abin da yake nema rubutu ne na wanda ya san fannin, wanda wasu masanan suka tantance, ya karanta da kansa ya ga hujjar. Ya sha gaya mini, "Ko a'a ce, a ba ni ita. In na ga inda na ɓata, zan yi barci." Iyakar burinsa ke nan a duniya, ya san amsar nan kafin ya mutu.

Ita ce ta kawo shi Masar a farkon shekarun saba'in, da niyyar ƙarin karatu a jami'ar da ke Giza. Tallafin karatun ya yanke a hanya, sai ya samu aikin fassara tsakanin Faransanci da Larabci a wani ofis a Mohandessin, ya aika aka kawo Inna da 'yarsu. Ni kuwa na iso a ƙarshen shekarun saba'in don karatun Larabci, aka ba ni shimfiɗa a falonsu. Ban yi sati ba ya ce in sa takalmi, za mu neman littafi.

Katangar masu tsofaffin littattafai ta Azbakiyya muka fara zuwa, kuma can muka yi ta komawa shekara da shekaru. Duk sun san shi. Da sun hango hularsa sai kira ya kaure, "Ya ustaz, na samo maka! Yau kam na samo!" Wata rana wani mai ƙaton tumbi ya zaro masa wani ɗan littafi mai hoton dalar Giza da walƙiya a kanta. Wai dala tana tara wani ƙarfi mai malala daga sama, in ka ajiye reza a ƙarƙashinta ta wasu da kanta, nama kuma ba ya ruɓewa. Kawu ya juya shi gaba da baya, sannan ya jero tambayoyinsa uku da har yaran unguwa sun haddace.

"Wa ya faɗa? A ina ya gwada? Wa ya duba masa?"

"Haba ya ustaz, ai ga shi an buga!"

"Takardar da ake naɗe ƙosan ta'amiyya ma bugawa aka yi."

Mutumin ya fusata, ya ce Kawu ya fi ƙarfin kasuwar, ya je ya tambayi waɗanda suka gina dalar. Kawu ya ce in an nuna masa gidansu zai je. Suka yi ta sa-in-sa har aka taru. Abin haushin, bayan duk wannan sai Kawu ya sayi littafin. Na ce, "Kawu, kai da ka ce shirme ne?" Ya ce, "Ban karanta ba tukuna. Ba a ƙaryata mutum kafin a saurare shi."

Haka yake yi. Zai karanta shirmen daga bango zuwa bango da jan biro a hannu, yana tsaki, yana ja masa layi. In ya gama kuma ba shi da yadda zai yi da shi, domin irin waɗannan littattafan da Larabci ake buga su, da bisimilla suke farawa, kuma marubutansu ba sa rasa ayar da za su jingina da ita. Wa zai jefa sunan Allah a kwandon shara? Sai ya tanadi kwali biyu a ƙarƙashin gadonsa. Babba yana kiransa kwalin surutu, nan 'yan dala da reza suke taruwa. Ƙarami shi ne kwalin karatu, inda yake ajiye 'yan shafukan da suka tsallake tambayoyinsa uku, kusan duk da Faransanci, waɗanda ya kwafa da hannu ko aka ɗaukar masa a injin hoto. Na surutu ya cika har ya yi ƙari, na karatu kuwa hannu ɗaya ke ɗaga shi.

Wahalar ɗakunan karatu kuwa, kar ma a tona. Ya shiga jirgin unguwa daga Ainu Shams, ya sauka ya rataya a ƙofar bas har Giza, ya tarar an ce mai makulli ya fita. In mai makulli yana nan, mujallar da yake so tana wurin ɗinki. In ta dawo daga ɗinki, fitowar da yake nema ce tak ba ta iso ƙasar ba. Kullum bukra, wato gobe, kullum ma'alish, wato a yi haƙuri. Ya dawo da la'asar sakaliya, ƙafa ta kumbura, Inna ta miƙa masa ruwa ta ce, "Malam, an dace?" Ya ce, "An ce gobe." Wani lokaci sai ya ƙara da cewa, "Garin nan takarda ta fi mutane yawa, amma shafi ɗaya ya gagare ni." Ni da nake raka shi jefi-jefi ma na gaji, balle shi da ya ba hamsin baya.

Su kuma masu ce masa Malam Ruwa, bari in tuna musu wani abu. Duk lokacin da jarrabawar rabon gado ta matso, ina ɗaliban fiƙihu suke kwasowa su nufa? Falon Kawu. Su zauna a tabarma an cika maƙil, ya bi da su sulusi da sudusi da sumuni da ƙwayoyin wake a kan tire, har mai kwanyar dutse ya gane. Bai taɓa karɓar ko sisi ba, Inna ma ke ba su abinci. Sabon ɗalibi in ya kwanta ciwo bai iya Larabcin titi ba, Kawu ne ke ajiye aikinsa ya kai shi asibiti ya tsaya yana yi masa tafinta. Akwai wanda ya goya a bayansa ya sauko da shi daga bene, ina kallo. Ranar makoki na ga wannan mutumin, yana cikin masu dariya.

Ba zan ce Kawu ba shi da laifi ba, kuma Inna ce ta ɗanɗana. Mahaifiyarta ta rasu a gida ba ta gan ta ba. Da labarin ya iso, aka yi kwanaki, sannan wata safiya ta tare shi a bakin ƙofa yana sa takalmi.

"Malam, mu koma gida."

"Za mu koma."

"Yaushe? Ruwan nan da kake nema, ko a Maraɗi akwai shi a rijiya. Uwata ta mutu ina nan ina gadin kwali."

Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Ya ce, "In na koma, wa zan tambaya? A nan ana ce mini gobe. A can ko goben babu mai ce mini."

Ta ce, "To ni wa zan tambaya uwata?" Ta shige ɗaki ta rufe. Ranar bai fita ba, ya zauna a falo har azahar da takalmin a gefensa. Gaskiyarta ce, shi ma ya sani. Amma washegari ya fita.

Wajen tsakiyar shekarun tamanin aka samu haske. Wani malamin kimiyya a Giza, mutum mai haƙuri, ya saurari Kawu har ƙarshe, abin da ba a saba yi masa ba. Ya ce wannan ba fanninsa ba ne, amma ya ji masu nazarin baƙin rami suna irin wannan maganar. Baƙin rami, kamar yadda Kawu ya fassara mana, tauraro ne da ya mutu ya dunƙule, jansa ya yi ƙarfin da ko haske ba ya kuɓuce masa. Malamin ya ce an gano cewa bakin wannan ramin, a lissafi, yana tafiya kamar ruwa mai kauri, kuma wani masani a Faransa ya yi dogon rubutu a kai. Ya rubuta wa Kawu sunan rubutun a guntuwar takarda. Ranar Kawu ya shigo da tiren basbusa, kayan zaƙin Masar, yana kiran Inna tun daga matakala kamar saurayi.

Ƙanen Inna yana karatu a Faransa lokacin, shi aka rubuta wa. Aka yi ta jira, watanni suka shuɗe, sai ga wani ɗan kasuwarmu ya sauka da ƙunshin takardu mai kauri, an ɗauko su a injin hoto, babu bango babu ɗinki, an ɗaure da roba. Kawu ya karɓa da hannu biyu. Sai dai kafin nan yanar ido ta rufe masa gani, ga ciwon sukari da ya daɗe yana cinsa. Ya kai takardar har hancinsa, manyan haruffan sama kawai yake gani. Shekaru likita yana bin sa a yi masa aiki yana zillewa don tsoron wuƙa, amma a ranar da kansa ya ce in je in karɓo masa rana. Ya ajiye ƙunshin a kwalin karatu, ya tura ƙarƙashin gado, ya ce, "Ba zan fara shi da rabin ido ba."

Ni na yi jinyarsa a asibiti, Inna kuma tana yini tare da mu. 'Yarsu tana gidanta tana jego. Mijinta, surukin Kawu, Bakano ne, ɗalibin hadisi, mutum mai ladabi da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Da ya zo dubiya ya ji likita yana cewa a kiyaye idon daga ƙura. Ɗakin Kawu kuwa ƙura ce da takarda, ba ya yarda ko Inna ta share masa. Sai surukin ya ga ga hanyar kyautata wa uban matarsa. Ya karɓi makulli wurin bawwab, ya tara abokansa, suka fitar da komai, suka wanke, suka shafe bango da farar ƙasa.

Da suka zo kan takardu, sai suka yi abin da aka raine mu duka a kai. Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa takarda mai rubutun Larabci ba a barinta a ƙasa, in ka tsinta ka ɗaga ta ka soke a katanga. Takardar boko kuwa takarda ce kawai, da ita ake ƙulla ƙosai. Suka ɗauki kwalin surutu, suka goge littattafan ɗaya bayan ɗaya, suka naɗe su a sabon farin ƙyalle, suka ɗora a saman kabad. Kwalin karatu kuma, da tarin shafukansa marasa bango, suka haɗa shi da tsofaffin jaridu da tarkacen takardun ofis da Kawu ke kawowa gida don lissafi a bayansu. Mai bikiya, wato mai yawo da amalanke yana sayen tarkacen gida, ya zo wucewa yana kiransa. Suka yafito shi, suka ce ya kwashe kyauta.

Ranar da aka sallami Kawu, tun a tasi yake karanta allunan shaguna da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, yana dariya. Muka hau bene muka tarar ɗaki fes, har ƙamshin turare. Surukin ya durƙusa daga bakin ƙofa, kansa a sunkuye, ya ce, "Baba, mun ɗan gyara muku ɗakin saboda ido. Littattafanku na ilimi ga su can sama, babu wanda ya taɓa ƙasa."

Kawu bai ko zauna ba, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gado. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago, ni ya kalla, tunda ba ya haɗa ido da surukinsa.

"Ƙaramin kwalin da ke nan fa?"

Surukin ya amsa, "Na takardun boko? Ai mai bikiya muka ba, Baba. Duk ƙura ce."

Na san Kawu, na ga yadda yake yi da masu littattafai, na jira bene ya tsage. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Amma wanda ke durƙushe a ƙofar nan suruki ne, mijin 'yarsa, uban jikansa, ya kuma yi ne don Allah. A wurinmu ba a ɗaga wa suruki murya, ko sunansa ba a kama. Kawu ya haɗiye fushinsa. Ya ce, "Allah Ya yi wa su Malam albarka. An gode ƙwarai."

Bayan an fita ya sa na sauko masa da farin ƙyallen. Ya kwance shi a kan gado. Ga dala, ga walƙiya, ga reza, an goge su tas suna sheƙi. Ya yi wata dariya da ba na fatan in sake jin irinta daga bakin kowa.

A matakala na tsare surukin na gaya masa abin da ke cikin kwalin. Ya dafe bango. Muka bazama lungunan Ainu Shams muna tare duk mai amalanken da muka gani, har muka samu wanda ya kwashe. Ya ce khalas, shi ke nan, takarda ba ta kwana a hannunsa, ranar ya kai wa dillalai an auna an haɗe da ta gari duka. Surukin ya zauna a gefen titi yana kuka kamar yaro, mutane suna kallonsa. Ban iya ba shi haƙuri ba, ban kuma iya zaginsa ba. Bai taɓa cewa Malam Ruwa ba, amma shi ma bai taɓa kawowa a ransa cewa za a samu ilimi a cikin wannan kwalin ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, idon ya yi kyau. Sama da shekara Kawu yana gani tar, yana zura wa Inna zare a allura, kuma babu abin karantawa. Guntuwar takardar da malamin Giza ya rubuta masa tana cikin kwalin, ta tafi. Ya koma wurin malamin, aka ce ya samu aiki a ƙasashen Larabawan gabas ya tafi. Ƙanen Inna kuwa ya gama karatu ya koma Yamai. Sai da aka rubuta masa can, shi kuma ya nemi wani tsohon abokin karatunsa a Faransa, abokin ya yi alkawari, ya manta, aka tuna masa, ya sake mantawa. Duk ranar da aka ce wani ɗan kasuwarmu ya sauka, Kawu zai sa hula ya je gaishe shi, ya dawo hannu wofi. Bai taɓa ambatar maganar a gaban surukinsa ba, ranar sunan jikansa na biyu ma shi ya yi addu'a.

Bara ƙunshi na biyu ya iso. Kafin nan sukari ya gama da bayan idon, likita ya ce wannan ba na wuƙa ba ne. Kawu ba ya bambance komai sai haske da duhu.

Bayan la'asar na shimfiɗa masa tabarma a baranda, ya ce in karanta. Faransancina na firamare ne, amma kalmomi dai ina iya furta su, yana gyara mini. Shafin farko ya tafi lafiya, yana ɗaga kai yana cewa tamam, wato daidai. Sai muka iso lissafi.

Na ce, "Kawu, ga wata alama kamar alwatika a kife, sai wani harafi kamar ƙugiya, da wasu ƙanana a sama da ƙasa."

"Waɗanne ne a sama?"

Na faɗa. Ya zana da yatsa a cinyarsa.

"Na ƙasan fa? Kafin layin ko bayansa?"

"Akwai layi biyu, Kawu. Wanne?"

Ya goge cinyarsa da tafin hannu kamar allo, ya ce in sake daga farko. Muka sake. Kafin mu kai layi na uku na farkon ya zube masa. Kwanaki muka yi a wannan shafin. Na kirawo ɗan maƙwabcinmu Bamisire mai karatun injiniya, ya duba, ya sosa ƙeya, ya ce ma'alish, wannan ya wuce inda aka kai su. Surukin ya yi ta yawo a Giza yana neman wanda zai zo ya zauna da makaho ya bi masa layi-layi. Wanda ya san abin ba shi da lokaci, mai lokaci bai sani ba.

Wata la'asar Kawu ya ce, "Bar lissafin. Je ka ƙarshe, ka karanta mini abin da ya yanke."

Na karanta a hankali. Abin da na fahimta, marubucin yana cewa a bakin baƙin rami lissafin jazibiyya yana ɗaukar siffar lissafin ruwa mai kauri, bai kuma wuce nan ba. Na yi tsalle na ce, "Kawu, ai ka yi gaskiya! Kamannin na nan! A kira su Alhaji su zo su ji!"

Ya daka mini tsawa, "Zauna! Labari ka ba ni, ba karatu ba. Ban ga ta inda ya bi ya kai nan ba. In na yarda da shi don ya yi mini daɗi, to shekarun nan duka wahalar me na sha?"

Na zauna. Haushi ya cika ni, ban san ko na wa ba. Can ya miƙo hannu ya ce in ba shi. Na ɗora masa ƙunshin a cinya. Ya shafa gefensa, ya daidaita shafukan, ya ɗaga su daidai fuskarsa yadda mai karatu ke yi. Sannan ya tambaye ni da wata ƙaramar murya da ban san shi da ita ba.

"Daidai na riƙe, ko a kife?"

Na ce, "Daidai ne, Kawu."

Ya riƙe haka har aka kira magariba. Bai sake cewa in karanta masa ba, kuma bai ga wata daminar ba.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo maKa da tambayarsa a hannu. Ka yafe masa, Ka yalwata masa makwanci, Ka ba Inna haƙurin da ya fi wanda ta riga ta yi. Ka nuna masa shafin nan da mu duka muka kasa karanta masa.